Wankan Jego da Ruwan Ɗumi

Umma,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Baba? Ni da jaririya lafiya lau muke a Kuala Lumpur, kada ki damu.

Wankan jegon ne ya isa da ni. Mai gidan da muke haya ya cire hitar lantarki, ya ɗora mai aiki da rana a rufi, wai ta fi tattalin wuta. Tun ranar suna kuwa ake sheƙa ruwan sama. Mun kira shi, ya ce a kullen korona mai gyara ba ya fitowa.

A tukunyar shinkafa angon ƙarni, wato mijina, yake dafa mini ruwan, kafin ta biyu ta tafasa, ta farko ta huce.

Kullum kina tambaya ko ruwan da zafi, ina cewa e. Ba zafi, Umma. Da an buɗe hanya, ki zo.

'Yarki,
Murja