Ruwan Malam Jalo

Potiskum, Yuni 1943

Zuwa ga Yayana Umara, a Gadaka.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Yakaka da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta maka. Mu nan lafiya lau, sai zafi da jiran ruwa.

Ka tambaye ni labarin baffanmu, Baba Zarami. Jikinsa ƙalau, amma limancinsa na rawa. Shukar farko ta ƙone a unguwarmu, Yindiski, sai ya fitar da mutanen unguwa roƙon ruwa kamar yadda yake yi tun kafin a yi mana kaciya. Da hantsi aka fita, ya ja raka'a biyu, ya yi huɗuba, muka juya rigunanmu. Sama ta yi fes kamar an share ta. Aka sake fita, aka sake. Ko gajimare bai leƙo ba.

Yanzu in ka ji abin da ake faɗa a bakin masallaci sai kunya ta kama ka. Mai-unguwa Bubayaro ya ce a gaban mutane, "Bakin tsohon nan ya dakushe, ba ya yanka." Wai addu'a wuƙa ce. Mutanen nan, Yaya, sun ɗauki liman dillali ne irin na kasuwar shanu: ya je ya taya, in aka ce albarka a nemi wani mai zaƙin baki. Wanda bai yi Asuba a kan lokaci ba tun kaka, shi ne yau yake auna karɓuwar sallar wani.

Akwai wani Malam Jalo da ya sauka a unguwar tun bara waccan. Rawaninsa ya fi iliminsa nauyi, carbinsa kuwa daga zauren maƙwabta ake jin ƙararsa, kuma hawaye ba ya zubo masa sai masallaci ya cika. Kwanan nan ya tsiri zuwa wurina a gidan waya, da goro a hannu. "Akawu, ya aiki? Wane labari daga gabas?" Ka san in babu saƙo muna gaisawa ta waya ni da Ayuba, akawun Damaturu, ya ce mini yau rana, ko yau iska. Abin da Ayuba ya faɗa nake gaya wa Jalo. Ban ga laifin haka ba. Wataƙila ma zaluntar mutumin nake yi a zuciyata, don ka san halina na saurin raina mutane.

Tambaya ɗaya ke damuna, kai da ka fi ni karatun addini. Wanda ya halicci ruwa ya san gero na ƙonewa. To me muke zuwa gaya masa? In don ya ji ne, ya riga ya sani. In don ya ji daɗi ne, me zai ƙaru da shi daga bakin Bubayaro? Na juya maganar a raina har na gaji, ina istigfari.

Fanne tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Kyari

Potiskum, Yuli 1943

Yaya Umara,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Na ji an yi ruwa a Gadaka, Allah ya sa albarka. Mu ma an yi, kuma ga yadda aka yi.

Ran Talata bayan Azahar Ayuba ya bugo mini cewa hadari ya rufe Damaturu, iska na ɗaye jinka, kuma ya nufo yamma. Jalo na zaune kan benci yana ɓare goro. Na gaya masa, cikin murna ma na gaya masa. Ya miƙe ko sallama bai yi ba.

Kafin in rufe ofis sai na ji ana shela a unguwa: Malam Jalo ya ga alama, kowa ya fito fili. Na bi su. Sama a lokacin fara ce tas. Roƙon ruwa da hantsi ake yi, ko ɗalibin Baba na jiya ya san haka, amma ba wanda ya tanka. Jalo ya tsaya gaba, ya fuskanci alƙibla, wadda ita ce kuma hanyar Damaturu, sai ya yi ta jan addu'a. Ni da na san abin da yake jira na ga yadda yake satar kallon gabas ta ƙasan ido. In ya ga babu komai sai ya ƙara wani kukan. Da gabas ta fara baƙi ya ɗaga murya, ya ce a juya riguna. Ba mu gama juyawa ba iska ta taso, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Da ka ga manyan mutane! Dattawa na birgima a taɓo, ana rige-rigen taɓa gefen rigarsa. Wani ya tsinke masa carbi, aka yi wawar 'ya'yan. Bubayaro na ihu, "Ga baki mai kaifi! Ga wanda ake ji a sama!" Washegari da Asuba, Baba ya zo zai shiga gaba aka tare shi da ladabi, wai ya huta, shekaru sun ja. Ya ce to, ya koma sahu.

Ban yi salla bayan Jalo ba tun ranar. A gida nake yi, kuma ko ita ba ta zauna mini, don da na ɗaga hannu sai in tuna fuskarsa. Abin da ya fi ci mini rai ba yaudarar ba ce, yadda suka karɓe ta ne. Sun yarda Ubangiji ya hana gari ruwa don muryar tsoho ba ta gamsar da shi ba, sai da aka kawo masa mai iya kuka. Ko Baturen da nake wa aiki ba a saye shi da arha haka.

Na yanke shawara zan je zauren Mai-unguwa in faɗi abin da na sani. Ina tsoro, don maganar waya ba ta kamata ta fita ofis ba, kuma in ta kai kunnen Bature aikina na iya tafiya. Amma Baba ne ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Ka sa ni a addu'a, in har ka san amfaninta fiye da ni.

Ƙaninka,
Kyari

Potiskum, Yuli 1943

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta iso, na gode da nasiha. Ka ce bawa ne mabuƙaci, Ubangiji mawadaci ne. Na san haka a baki. Ina fata Yakaka ta warware daga zazzaɓin.

Na je zauren. Na tsara maganata tun a gida, daki-daki, na faɗa musu yadda hadari ke tasowa daga gabas, yadda waya ke riga shi isowa, da yadda Jalo ya ji daga bakina. Jalo na wurin. Ko gezau. Ya shafa gemu ya ce, "Akawu, wayar taka wa ya halicci ƙarfenta?" Aka yi ta kabbara kamar ya fassara Alƙur'ani.

Bubayaro kuwa ya juyo kaina. "Af, Malam Kyari! Ashe ka san ranar ruwa, ka bar mu muna gasuwa a fili bayan baffanka? Kai ne mugun, ba Malam ba." Ba wanda ya ambaci mayar da Baba. Da zan fita ma wani dattijo ya bi ni har waje yana raɗa mini, wai in na ji labarin wani hadarin in fara gaya masa, yana da ɗan da yake so a san shi da malanta.

Sauran labarin nawa ne, kuma ba na alfahari da shi. Ruwa ya sake ɗaukewa, gero ya fara lanƙwasa. Shekaranjiya Ayuba ya bugo: hadari babba, ya fi na farko. Jalo bai zo ba ranar. Na rufe ofis na ruga gidan Baba, na same shi a zaure yana gyaran igiyar guga. Na ce, "Baba, tashi ka yi shela! Ruwa na tafe, ni kaɗai na sani. Ka fita da su fili, limancinka ya dawo yau."

Ya dube ni ya ce, "Ka tabbata, ɗana?"

Na ce na tabbata.

Sai ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya ya kira matarsa: "Aisa! Kwashe shanyar kukan nan, ki shigar da awaki, Kyari ya ce ruwa na zuwa." Ya juyo ya ce, "Allah ya yi maka albarka, da ta jiƙe."

Na ce, "Baba, limancin fa?"

Ya ce, "In tsaya gaban wanda ya aiko hadarin in yi kamar ban sani ba? Kai, Kyari. Miƙo mini buta, La'asar ta yi."

Ya yi alwala ya tafi masallaci, ya bi Jalo salla. Ruwan ya sauko suna raka'a ta uku, kuma har yau ana cewa albarkar sabon liman ce. Baba ba zai koma gaba ba, na haƙura da wannan. Ni da na cika maka takardu da zagin Jalo, dabararsa na ɗauka a guje na kai gidan Baba, bambancinmu kawai shi ya yi nasara.

Ka gaida Yakaka da yara. In kana da irin wake, aiko mana da mai zuwa kasuwa, ƙasa ta jiƙu.

Ƙaninka,
Kyari