Hawa na Biyar

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na koma takarda ne tunda wayarka ba ta san lambata ba.

Ka san liftar nan mai hawa da sauko da mutane da gwamnati ta sa mana a benen 'yan fansho, daga kuɗin jin daɗin jama'a. Wani mai neman suna ya zana fuskar gwamna a ƙofarta, haƙora waje. 'Yan adawa suka kai ƙara, hukumarku ta zaɓe ta ce kamfe ne da dukiyar jama'a, kotu ta sa aka ɗaure liftar da sarƙa sai bayan zaɓe. Na ce a shafe hoton da fenti, aka ce shaida ce a gaban kotu.

Ranar da aka rufe, uwargidana Malama tana asibiti. An sallame ta, ba ta iya hawowa, tana gidan 'yarmu can ƙarshen gari. Ni kuma ina hawa na biyar a kan keken guragu. Maƙwabta sun gwada sauko da ni, kwanar matakala ta ƙi, likita ya ce kada a sake wasa da ƙashin bayana. Shekara arba'in muna tare, yanzu hoton wani ƙato ya raba mu. Jikinta kuma ba daɗi.

Kai ne babba a hukumar. Ka yi wani abu.

Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi. Wallahi abin ya dame ni, amma hannuna a ɗaure yake. In na taɓa sarƙar nan za a ce na yi wa gwamna aiki, in na yi magana a fili a ce ɗan adawa ne. Kai da ka koyar da shari'a ka fi ni sanin haka. A ƙara haƙuri, zaɓe ya kusa. Na aiko da lemo.

Naka mai biyayya.

*

Ranka ya daɗe, Darakta,

Lemo ya iso, rabi ya ruɓe a hanya, kamar alkawarin gwamnati.

Tunda ka tuna mini na koyar da shari'a, na kakkaɓe ƙura na karanta dokarku. Ta ce wajibi ne hukuma ta ba kowane mai katin zaɓe hanyar kaɗa ƙuri'arsa, gurgu ne ko makaho. Ina da kati. Rumfarmu tana ƙasa, bakin famfo. Saboda haka dole a kwance sarƙar ranar zaɓe, kuma ba wanda zai ce ka yi son kai. Ga takardar koke nan, ka miƙa kawai.

Ba na ɓoye maka, ba ruwana da wanda zai ci, duk kanwar ja ce. In na sauka ba zan hawo ba. Na shirya jaka, na sa an yi mini aski. Na gaya wa Malama a waya, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce in zo da butar shayinta.

Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Kokenka ya shiga zama, lauyanmu ya ce bai taɓa ganin rubutu mai tsabta haka ba. An amince haƙƙinka ne. Sai dai kwance sarƙa zai saɓa umarnin kotu, don haka aka yanke ma'aikata su hawo maka da akwati har ɗaki. An ma ce za a riƙa yi wa duk masu irin lalurarka haka. Na yi ƙoƙarin magana, Allah ya sani. Ka yafe ni.

Ƙanenka.

*

Ƙanena,

Sun zo su uku, suna haki. Na ba su ruwa, na dangwala. Jiya rediyo ya ce zaɓe bai kammalu ba, sai an sake.

Malama ta daina tambayar yaushe zan zo. 'Yarmu ta ce idonta ya tafi, abinci ma sai da lallashi. Ka je gobe, kada ka aika direba. Ka zauna ta hagunta, kunnen nan ne ke ji. Muryarmu ɗaya, tun muna yara ake rikita mu. In ta kira ka da sunana, ka amsa.

Na bar ka lafiya.