Injina a Cikin Farar Motarka

Zuwa ga taubashina Isufu,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. To, da kana da rai ma ai ba ka karanta rubutuna, tsire kake ƙunshewa da shi. Ribar da na samu yau ita ce ba za ka katse ni ba.

Gida lafiya lau. Matarka Hadiza ta ji ƙarfi, ta koma rumfarta. Albasarku ta gonar Garu ta yi kyau bana, sai dai ana tsakar kwasa farar bashenka, motar nan taka mai buɗaɗɗen baya, ta tsaya cak a kan hanya da buhuna a bayanta. Injin ya yi ƙara ɗaya, ya yi shiru. Ɗanka Bashiru, wanda ke tuƙa ta yanzu, ya zo mini ido jawur. Ka san in masu saye na kudu suka loda suka tafi, albasar ruɓewa za ta yi, kuma ita ce cimar gidanka ta shekara.

Shuɗiyar motar tawa tana nan yadda ka bar ta, tsatsa ta cinye jiki, awaki na kwana a bayanta, amma injin ƙalau. Na ce Sale makanike ya buɗe ta ya ɗebi abin da zai tayar da taka. Ka gane abin da ya faru ke nan? Shekara da shekaru muna gardama a teburin mai shayi a kan wane inji ya fi, ba mu taɓa ganin cikinsu gefe da gefe ba. Ranar gareji ya cika, har 'yan kabu-kabu suka bar fasinja suka zo kallo. Sale ya shimfiɗa tabarmi biyu, ya jera kayan cikin kowanne kamar naman layya.

Fistan dai naka sun fi kauri, ba ƙarya ka yi ba. Nawa a kusa da su kamar kofin shayi ne a gaban kwanon sha. Amma zobban da ke jikin naka sun suɗe, sun koma kamar 'yan kunne. Wa ya ce ka riƙa zuba gazuwal, wato dizal, na bakin hanya, kana canza mai daga Salla sai Salla? Murfin kan injinka baƙin ƙarfe ne, sai da ƙarti biyu suka ɗaga shi. Nawa na sanholo ne, wanda kake kira tukunyar miya. Sai aka zo kan bilbirki, ƙarfen nan mai gwiwoyi da fistan ke juyawa. Naka ya karye gida biyu, nawa yana ƙyalli. Na waiwaya don in ga fuskarka, Isufu. Wallahi na waiwaya.

Abin dariya, ko ƙusa ɗaya tawa ba ta shiga naka ba. Injunan ma halinmu suka ɗauko. Sale ya mayar da nawa ya ɗaure, ya yi masa sababbin ƙafafu da walda, ya dasa shi ɗungurungum a cikin farar.

Albasa ta iso kasuwa a kan kari, ba a yi asarar ko buhu ba, Hadiza har da guɗa. Yanzu duk garinmu Malanbil ana cewa motar marigayi Isufu ba ta mutuwa, ai dama ya faɗa. A gabana ake faɗi, ina gyaɗa kai. Haka ake yi? Ka tafi, kuma ka ci gardama da injina?

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba: ni inji bai dame ni ba. Littafin nan na Faransanci da nake ɗauko maka hujja a ciki, don kawai in samu abin tsokanarka da safe nake karanta shi. Tun da ka tafi ban sake buɗe shi ba.

Na ɗauki fistanka ɗaya, yana kan teburina yana danne takardu, aikin da ya fi dacewa da shi. Kullum da safe farar tana wucewa ta ƙofar gidana, sai in ji muryar injina a cikin jikin motarka, in yi dariya ni kaɗai.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu a inda babu tsatsa. Ka tanadi hujjojinka.

Taubashinka mai ƙananan fistan,
Mamman