Tsibirin da ya riga ni shiga zuciyarka

Maigida,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ai ko da kana raye ma rabin maganata kake ji.

Gida lafiya. Gyaɗa ta yi kyau bana, motoci sai ɗiba suke daga Matameye zuwa Kano. Yayarka ta Kurni ta zo gaisuwa, ta yi kuka, ta kuma cinye mana zabuwa.

An raba gado. Malam ya juya katantanwar nan da ka zo da ita daga aikin soja, ya rasa kuɗin da zai yi mata, sai ya jefa ta cikin tumunina. Ka ji fa! Duk gidan nan a rasa wanda za a ba sai ni.

Ban taɓa gaya maka ba, na tsani tsibirin nan naka na wajen Madagaskar. Yini guda aka sauke ku, amma ka dawo da shi har ƙarshen ranka. Farin yashi kamar garin shinkafa, itatuwan kwakwa, ruwa shuɗi, ba kowa, ka cire takalma ka yi la'asar kai kaɗai. Wallahi na haddace. In kai ka kafa wa katantanwar nan kunne kana murmushi, ni ina bakin murhu hayaƙi na cin idona. Yaushe ka taɓa yi mini wannan murmushin? Ni da na jira ka, na nome gonarka, na yi jinyar mahaifiyarka? Da mace ce ta ɗauke maka hankali da na je na same ta mun yi ta ta ƙare. To yaya ake faɗa da yashi?

Na kara katantanwar a kunne sau ɗaya. Iska ce kawai, Maigida, irin wadda ake ji cikin tulun da ba ruwa. A kan wannan ka bar ni ina magana ni kaɗai?

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Auta zai tafi. Ya sayar da gyaɗarsa, ya shirya da wani direba, wai daga Kano jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can ya nemi aiki a jirgin ruwa har ya taka yashin da babansa ya taka. Yaron da ko tafkin bayan gari bai iya tsallakewa! Kai ka cika masa kunne tun yana kan cinyarka. Shi kaɗai ya rage mini a gidan nan, ka sani.

Jiya ya durƙusa yana neman albarka. Zan sa masa, don ba zan bari ya shiga ruwa da fushina a kansa ba.

Ranar da aka ɗauki gawarka na ce na yafe maka duniya da lahira, kuma har zuciyata na faɗa. Amma wannan na Auta ba ya ciki. Sai ya dawo tukuna.

Allah Ya haskaka kabarinka.

Ni ce matarka,
Uwar Auta