Yayyafin La'asar

Yaya Safiya,

Gaisuwa daga Doha. Ya jikin Inna, ya zafin Wudil? Ni lafiya lau, aikin ginin ne dai sai a hankali.

Kin tuna duk bazara bayan la'asar, Baba, Allah ya jiƙansa, kan sa ni yayyafa ruwa a tsakar gida, ya shimfiɗa tabarma yana yanka mangwaro? Sai in watsa ruwan da fushi in fice, yana kirana ina ji.

Jiya na yayyafa a ƙofar ɗakinmu. Siminti ne, ba ƙamshin ƙasa, abokan aiki sai dariya.

Don Allah ku ci gaba da yayyafawa, ki zauna da Inna a tabarmar nan. Ni ko sau ɗaya ban zauna ba.

Ƙaninki,
Sha'aibu