Furar da Na Zubar a Tungar Kaiwa

Zuwa ga Yayana Mamman mai jakai, wanda ke kwance a maƙabartar gabas da Ƙaura.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta iske ka cikin ni'ima. Ni ne Garba. Ka san ban san baƙi ba, ban san fari ba, don haka ɗiyata Hajara, mai koyarwa a firamaren Sakajiki, ita ke riƙe da biro. Na ce mata in ta sassauta mini kalma guda ban yafe ba. Na kuma ce a karanta ta a zaure kowa ya ji, don an daɗe ana ba da labarin ga ba da bakina ba.

Yaya, da kai nike fushi. Ka bar mini amana biyu, ka tafi ba ka gaya mini wadda zan riƙe ba in sunka yi karo.

Ta farko, ina ɗan shekara sha biyu ka ba ni ita, muna koro jakai daga kasuwar Shinkafi da busasshen kifi da kanwa za mu tashar jirgi. Na tsai da jaki bakin wani rafi, sama da inda mata ke ɗiban ruwa. Ka kai mini marin da har yau in anka yi sanyi kunnen nan na tuna mini. Ka ce, “Wanda ke sama shi ke riƙe da amanar na ƙasa.” Ka nuna mini kowane ruwa gida ukku ne: mashayar mutane a sama, wurin wanki a tsakiya, mashayar dabbobi a ƙasa. Baƙo kuwa ba ya taɓa ruwa sai ya tambayi masu shi ina ne ina.

Ta biyu, a kan tabarmar ajalinka ka ba ni. Ka damƙe hannuna ka ce, “Garba, ga Sanusi nan. Ka rufa mashi asiri.” Na ce na ɗauka.

To ɗanka Sanusi ya girma. Yanzu Alhaji ne, ɗan kwangila a Gusau, don ka sani an yanke mana jiha tamu bayanka, mun daina zuwa Sakkwato neman sa hannu. Shekarar da anka ƙaddamar da Shari'a mun yi murna, ni da kaina na je a bayan a-kori-kura na yi kabbara har muryata ta dushe. Sanusi ya tsai da gemu, ya ɗage wando, ya koma ba ya buɗe baki sai ya gyara wa wani alwala. Gyara alwala ba laifi ba ne.

Cikin kakar da ta biyo, ana yankan gero, sai ga shi ƙofar gidana da wata mota da ban taɓa ganin irinta ba. Wai wani Bature ya ƙetaro hamada da ita, ya sayar a Maraɗi. Mota ce, amma ɗaki ce. Akwai gado, akwai murhu, akwai famfo, har da ɗan akwatin sanyaya ruwa. Ya ce yana son ya zagaya ya ɗauki hotunan tafkuna da duwatsun sabuwar jiha ya buga kalanda, duniya ta san muna da abin kallo. Ya ce ba wanda ya san hanyoyin nan sai ni. Ba zan ɓoye maka ba, kaina ya kumbura. Na ɗauki butata da sandata na shiga.

Ba mu wuce Kasuwar Daji ba ya buɗe wata 'yar ƙofa bayan murhu ya nuna mini masai. Masai, Yaya, taku biyu daga tukunyar shayi! Na tambaye shi ina abin ke zuwa. Ya yi dariya, ya ce akwai tanki a ƙasa, ana zuba mashi wani shuɗin magani. Na ce wato tafe muke muna goye da shi awa jariri. Direbansa Lawali ya yi dariya har mota ta yi tangaɗi. Ni dai kwana ukku ban sa ƙafa cikin ɗakin nan ba, daji na da faɗi.

Mun yini bakin tafkin nan na fadamar Shinkafi, inda kake sayen kifi. Yana nan yadda ka bar shi. Bado ya rufe gefen yamma, balbelu sun yi fari a kan giyayya, masunta na zaune kan gora suna jan koma. Na sauka na yi sallama, na nemi babbansu na tambaye shi inda za mu tsaya. Ɗanka ya ja ni gefe ya ce in daina wagga al'ada, neman izini ga masu ruwa camfi ne, zamaninsa ya wuce. Na ce mashi ba aljani na tambaya ba, mutum na tambaya mai hanci da baki, don in san inda iyalinsa ke sha. Ya ce, “Baba, ku dai tsofaffi sai a hankali.” Na haɗiye, saboda kai.

Kuma in faɗi gaskiya, na ji daɗin ranar. Munka gasa karfasa a bakin ruwa, rana ta faɗa cikin tafki ja wur. Sanusi ya zauna yana cin kifi da hannu biyu, yana tsotsar ƙaya yadda kake yi. Na dube shi na ga fuskarka. Nan ne zuciyata ta yi taushi, na yi kuskuren da na yi: na ce zan kai shi Matsirgar Kaiwa.

Ka tuna ta. Bayan Zurmi, inda hanya ke ƙarewa cikin duwatsu, ruwa na bi ta kan falalen dutse ya faɗo tsawon mutum huɗu cikin gurbi mai sanyi awa randar ƙasa. Ba a kai baƙo can. Mu ma sai da munka shekara biyar muna sauka gidan Bube kafin ya nuna mana, don gurbin nan shi ne ruwan shan Tungar Kaiwa tun daga kaka har bazara. Ko sabulu ba a kaiwa sama.

Bube na nan da rai, idonsa guda ya tafi. Da ya ji ɗanka ne ya rungume shi yana kuka, yana cewa Mamman ya dawo. Ya sa anka yanka zakara. Mota ba ta iya gangarawa tunga, sai ya ce a aje ta bisa falalen, bakin ruwa, inda ko jakinka bai taɓa tsayawa ba. Ya ce ɗan Mamman ba sai an gaya mashi komai ba.

Da hantsi na gangara na gai da Bube, na hawo. Tun daga nesa wari ya tarbe ni. Na iske Lawali tsugune gefen mota, ya kau da kai, hannunsa na kan wani murfi. Wani abu shuɗi-shuɗi mai kauri na malala bisa dutse, yana shiga ruwa, yana bin sa zuwa bakin matsirgar. Na ga ya kai bakin. Na ga ya faɗa.

Lawali ya rantse mini daga baya ya roƙi a bari sai an yi nisa cikin daji, an gina rami. Maigidansa ya ce warin ya hana shi karin kumallo, kuma ruwa mai gudu ba ya ɗaukar najasa, haka yake a littafi. A littafi! Yaya, ban yi karatu ba, amma na zauna gaban malamai shekara sittin ina saurare, ban taɓa jin wanda ya ce ka juye masai a randar maƙwabcinka don ruwan na motsi ba. Wanda ya kama rabin magana ya fi wanda bai ji komai ba haɗari.

Da Sanusi ya ga fuskata, sai ya matso. Ya kama hannuna, nan daidai inda ka kama, ya ce, “Baba, ka rufa mini asiri.” Ban sani ba ko ka gaya mashi ne, ko jini ne ya yi magana. Kalmominka ne sak. Sai bakina ya mutu.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai yau. Muna gangarawa yin bankwana munka gamu da matan tunga su huɗu, sun fito daga gurbi da tuluna bisa kai. Sunka durƙusa sunka gaishe mu. Na amsa. Na amsa, Yaya, na matsa musu hanya sunka wuce. Ni Garba, da anka sani tun daga Ɗan Isa har Moriki ba a taka ni in yi shiru, na ce musu sannunku da aiki.

Munka zauna zauren Bube ana hira. Ina jin ƙarar ludayi cikin gida ana dama fura da ruwan tulunan nan, kowane bugu awa a kaina. Anka kawo ta cikin sabuwar ƙwarya. Bube ya miƙa wa ɗanka. Ɗanka ya ce ai yau Litinin, yana azumin nafila. Mutumin da na gani da idona yana tsoma burodi a shayi! Bube ya sa mashi albarka, ya ce haka ubansa yake da ibada.

Sannan ya yi abin da mai gida ke yi don baƙo ya sha da kwanciyar rai. Ya ɗaga ludayi ya fara kurɓa. Ina kallo. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya share gemu ya miƙo mini.

Na karɓi ƙwaryar, na tashi, na fita ƙofar zaure na juye ta ƙasa gaban mutane. Ka san abin da wannan ke nufi a gidan da ya ciyar da mu shekara talatin. Samari har sun zabura. Sai na faɗa. Na faɗi komai, da murfin, da shuɗin, da azumin ƙarya, da ni da na amsa gaisuwar matansu. Ban rage wa ɗanka ba, ban rage wa kaina ba.

Bube bai ɗaga murya ba. Ya sa anka zubar da kowace randa a tungar anka wanke. Ya dubi Sanusi da idonsa guda. Ni ya juyo wa, ya ce, “Garba, da ka riga ni da kurɓi ɗaya.” Da ya zage ni da uwa da uba, da ya fi mini sauƙi.

Ban sake shiga motar nan ba. Na tako da ƙafa har Zurmi, na hau motar 'yan kasuwa. Shekarar nan matan Tungar Kaiwa rijiyar wani ƙauye sunka koma, tafiyar hantsi guda, har da masu ciki, sai da damina ta zo ta wanke gurbin. Bube ya aiko mini cewa ƙofarsa a buɗe take, amma in zan zo in zo ni kaɗai. An kuma daina barin kowane baƙo ya hau falalen.

Kalanda ta fito. Na gan ta rataye a shagon wani tela a Ƙaura, ga matsirga fara fat, ga ɗanka tsaye gefe da carbi. Ba a ganin wari a hoto.

Tun ranar Sanusi bai taka gidana ba. Yana gaya wa mutane tsufa ya taɓa mini kai. Yanzu dangi sun taso ni gaba, har da matarka Inno, wai in je Gusau kafin Sallah in ba Alhaji haƙuri, na kunyata shi gaban ƙauyawa. Ƙauyawa! Mutanen da sunka ɗauke ka a kan ƙyaure lokacin da kunama ta harbe ka, sunka yi jinyarka kwana tara. To ku da ke saurare a zauren ga, ku ji da kyau: ba ni zuwa. In ƙafata ta taka Gusau, to asibiti anka kai ni. Sharaɗina guda ne, kuma ba shi da tsada. Ya je Tungar Kaiwa ba da mota ba, ya ɗauki tulu bisa kansa daga waccan rijiya ya kai ƙofar Bube sau ɗaya. Ranar da ya yi haka ni zan fara miƙa mashi hannu, in goya shi ma in ya so, yadda na goya shi ranar da anka yi mashi kaciya yana ihu.

Don ina son yaron nan, Yaya. Abin da ke cina ke nan. In na rufe ido ina ganinsa bakin tafki yana tsotsar ƙaya da fuskarka.

Na yi ta juya maganarka ta ƙarshe. Ciwo na cinka, ga tsoron barin maraya, ban ga laifinka ba. Amma da ka ƙara mini ko kalma biyu, ka ce in rufa mashi asiri sai in ya hau saman ruwan mutane, da ban tsaya riƙe da baki ba har tsohon nan ya haɗiye. Wannan kurɓin ba na Sanusi ba ne. Nawa ne, kuma da shi za a binne ni.

Ban da sauran nisa, gwiwoyi sun gaya mini. In munka haɗu ka tambaye ni ina amanar ɗanka, zan ce maka na zubar da ita ƙofar zauren Bube tare da furar. Ni kuma zan kama kunnen nan da ka mara in nuna maka, in tambaye ka wacce ka fara ba ni.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ya yalwata maka kabari, ya sanyaya shi awa gurbin nan kafin mu je. Allah ya shiryi Sanusi ya dawo da shi da ƙafarsa. Allah ya ba Bube da mutanensa ruwa mai tsarki duniya da lahira, ya sa ya yafe mini tun ina numfashi. Amin.

Ni ne ƙanenka mai taurin kai, wanda ka bari da jaki guda da magana biyu,

Garba na Mamman, Ƙaura.