Dije, Na Ga Ɗanki a Gobarar Funtuwa

Zuwa ga Dije,

Sallama, da gaisuwa irin wadda nake yi miki in na dawo daga gona. Allah ya yalwata miki makwanci, ya sanyaya shi. Na san takardar nan ba za ta iso ki ba, kuma babu ranar da za ki ji abin da ke cikinta. Amma magana ta cika mini ciki, kuma duk Tsiga babu wanda nake son in ba labarin nan tun daga farko sai ke.

Gida lafiya. Dawa ta yi kyau bana, har na sa an ɗaga ƙaramin rumbu a bayan ɗakinki. Auduga ce tsutsa ta ɗan taɓa. Babbar 'yarki Ladi ta sake haihuwa, namiji, mai ƙaton kai irin na danginku. Ƙanwarta Asabe ke zuwa ta share tsakar gida ta dama mini fura. Ba ta kai hannunki ba, amma ban gaya mata ba. Tsohon Bamagujen nan da kike sayen daddawa wajen matarsa yana nan da ransa, kuma duk sanda muka haɗu a kasuwa sai ya tambaye ni yadda tuwo ke wuce mini ba ke.

Maganar autanki Tanko ce ta sa na ɗauko alƙalami.

Kin tuna ranar da ya durƙusa a gabanmu ya ce an ɗauke shi aikin kwana-kwana a Zariya? Kina tuƙa tuwo kika saki muciya. Kika ce duk mai hankali in ya ga wuta gudu yake yi, to wane irin aiki ne za a ce ɗanki ya riƙa rugawa cikinta? Ban ga laifinki ba. Ke ce kika fito da shi a goye shekarar da wutar farauta ta cinye unguwarmu, bakin zanenki na ci, kuma da tabon a ƙafarki kika koma ga Allah. Ni kuwa na ɗaure fuska na ce a bar yaro ya tafi, namiji ne. Dije, ni ma tsoron nake ji. Ranar da muka raka shi bakin hanya, da na ce miki zan leƙa gona, ba aiki na je yi ba. Gindin ɗorawa na samu na zauna har rana ta karkata.

Bayan rasuwarki ya matsa sai na je na ga inda yake. Na je. Na ga jar motarsu, an goge ta har mutum na ganin fuskarsa a jikinta, ga tsani a kwance a samanta, ga gatura a jere. Na ga manyan takalmansu a bakin ƙofa, kowane da wando a zure a kansa, don in ƙararrawa ta kaɗa mutum ya zura ƙafa kawai ya ja sama. Babbansu wani dattijo ne, Saje Garba, mai furfura a gemu. Ya shimfiɗa mini tabarma ya ba ni labarin yadda suka faro tun zamanin Turawa. Ya ce a lokacin babu mota, sai amalanke da gangar ruwa da famfon hannu da bokitai, su tura da gudu cikin lunguna, sau da yawa su isa su tarar da toka, mutane na yi musu dariya. A haka suka jure har aka gane amfaninsu aka kawo mota. Ya ce kuma ba gobara kaɗai ba ce aikinsu. In yaro ya faɗa rijiya su ake kira. In mota ta kife ta danne mutane, su ne. In ruwa ya ci wani a kududdufi, su ke shiga nema. Ranar da babu kira sukan zaga kasuwa suna jan kunnen masu kananzir da masu tuya. Ya ce ƙa'idarsu ɗaya ce, rai tukuna sannan dukiya, kuma ba sa tambayar gidan wane ne ke ci. Na gyaɗa kai don ladabi, amma a raina na ɗauka daɗin baki ne irin na mutanen birni.

To, ana tsakiyar cinikin auduga na shiga Funtuwa in karɓo bakin garma wajen wani maƙeri kusa da tashar jirgi. Da hantsi ne. Muna cikin gaisawa sai muka ji ana ihun gobara. Wani babban sito ne da aka cika da dilolin auduga ya kama. Dije, kin san wutar ciyawa, amma ba ki taɓa ganin wutar auduga ba. Ta ciki take ci, kana zuba ruwa a sama tana tafasa a ƙasa. Sannan iska ta riƙa ɗiban guntayenta suna tashi jajur kamar fara, duk jinkar da suka sauka a kai sai ta kama. Muka yi layi daga rijiya muna miƙa bokiti hannu da hannu, Hausawa da Yarabawa da Inyamurai da 'yan dako, babu wanda ya tsaya duba na kusa da shi. Wallahi kamar muna tofa mata yawu. Iska kuma ta juya ta nufi layin shaguna inda masu yadi da masu kananzir suke, ga gidajen mutane a manne a bayansu.

Wani ya ce ai an buga waya Zariya daga tasha. Na ce a raina, ina Zariya ina nan? Sai kuma gabana ya faɗi. Na roƙi Allah ya sa Tanko ba ya cikin waɗanda za a turo. Ban gama rufe baki ba na ji ina roƙon ya sa yana ciki. Ke wanne za ki roƙa?

Rana ta kusa tsaka muka ji ƙararrawa daga hanyar Zariya. Taron nan ya dare biyu ba tare da an ce da kowa ya matsa ba. Motar ba ta gama tsayawa ba suka diddiro, duk shiga iri ɗaya, hular kwano ta rufe musu goshi. Amma da tafiyarsa na gane shi, tafiyar yayanki ce sak, mai ɗan karkata kafaɗa. Bai gan ni ba, ni kuma ban kira shi ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirunsu. Mu tun hantsi muke ihu, su kuwa babu muryar da ke tashi sai ta Saje Garba, kuma kafin ya rufe baki an yi abin da ya ce. Suka ja wata doguwar tiyo suka jefa bakinta a kududdufin bayan tasha, suka tayar da inji. Abar nan da ke kwance shafal a ƙasa sai na ga ta kumbura tana murɗawa, a nan na gane dalilin da ake ce mata mesa. Ruwa ya fita daga bakinta ya wuce tsayin rimi, har sai da ƙarti suka taru suka riƙe ta. Ni da na ga ruwan sama iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin ɗan Adam ya ɗaga ruwa sama haka ya aike shi inda yake so ba.

Sai kuma suka juya wa siton baya. Mutane suka fara gunaguni, ga wuta can, me suke jiƙa shagunan da ba su kama ba? Wasu daga cikinsu ma suka sa ƙugiya suna yaye jinkar rumfunan da ke tsakani. Ni dai na gane, don haka muke share gefen gona kafin a sa wa daji wuta. Siton ya riga ya tafi. Garin suke tsarewa.

Ana cikin haka wata mata ta kurma ihu. Bayarabiya ce mai sayar da atamfa, ana ce mata Iya Bose, ta daɗe a Funtuwa har Hausa ta zauna a bakinta. Shagonta ne na ƙarshen layi, shi kaɗai wutar ta riga ta kama ta baya. Ta duba cikin yaran da aka tara gefe ba ta ga jikarta ba. Kafin a riƙe ta ta faɗa ciki. Ko juyawa ba mu yi ba azara ta faɗo ta tokare ƙofar.

Dije, ɗanki ne ya fito. Ban ji an kira sunansa ba, na dai ga ya miƙa hannu an ba shi igiya ya ɗaura a ƙugu, ya lulluɓa jiƙaƙƙen bargo, ya ɗauki gatari. Saje Garba da kansa ya riƙe ɗaya bakin igiyar. Masu mesa suka juyo da ruwa kansa. Ya dubi ƙofar nan kamar yadda yakan dubi kunya kafin ya sa fartanya, ya sare azarar, ya durƙusa, hayaƙi ya haɗiye shi. Idona na kan igiyar. Tana shiga, tana shiga, sai ta tsaya. Me zan zo in ce miki? Da wane ido zan wuce ta gefen kabarinki?

Sai igiyar ta motsa. Ya fito da rarrafe, ya buɗe bargon, ga yarinya a ƙirjinsa tana tari. Ashe ƙarƙashin teburin yadi ta ɓuya. Ya miƙa ta, ya ja numfashi, ya juya ya koma.

Wannan komawar ce ta hana ni sukuni har yau. Shigar farko, sai a ce mutum bai san abin da zai tarar ba. Amma ya shiga ya gani, ya ji zafin a fatarsa, ya fito ya shaƙi iska mai sanyi, sannan ya koma da ƙafarsa saboda matar da ko sunanta bai sani ba. A ina ya samo wannan zuciyar? Ba wajena ba dai, ni da na tsaya da bokiti a hannu ina kallo. Ya fito da Iya Bose saɓe a kafaɗa, ta suma, hannunta ɗaya ya ƙone. Ana cikin yayyafa mata ruwa rufin kwanon ya rufta. Wani ɗan dako da ke kusa da ni ya ce, "Wannan yaro ɗan wane ne?" Na buɗe baki in ce nawa ne, sai hawaye suka riga ni.

Wajen la'asar wuta ta kwanta. Sito ya tafi, shagon Iya Bose ya tafi, da rumfuna kaɗan, amma babu rai ko ɗaya da ya salwanta, kuma gidajen na nan tsaye. Suna naɗe mesa Tanko ya hango ni. Ya cire hula ya zo ya durƙusa a cikin caɓin nan, girarsa ta babbake, bayan hannunsa duk ya yi bororo. Ya dubi bokitin da ke hannuna ya ce, "Baba, sannu da aiki." Ni yake yi wa sannu! Ya tambayi lafiyar yayyensa da shanun noma. Na ce ya zo mu je gida ya huta, ya ce ba dama, sun baro gari guda a baya, ba a san abin da zai tashi ba. Na ɗora hannu a kansa na ce Allah ya yi masa albarka. Abin da na iya faɗa ke nan. Suka hau motarsu suka tafi, ko ruwan sha ba su tsaya an ba su ba.

Jiya da rana ina gyaran igiyar shanu a zaure, sai ga yara sun rako baƙuwa. Iya Bose ce, hannunta a naɗe, tana riƙe da jikar tata. Ta yi ta tambaya har aka kwatanta mata Tsiga, ta biyo motar kasuwa. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba wajenka na zo ba. Wajen uwar da ta haife shi na zo." Na gaya mata kin riga mu. Sai ta ce in nuna mata ɗakinki. Ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar ta yi kuka kamar tare kuka tashi. Kirista ce, ta yi miki addu'a irin tasu da harshensu, ban ji ko kalma ɗaya ba sai sunanki, don ta tambaye ni shi. Sannan ta kwance ƙullinta ta fito da turmin atamfa, shuɗi mai zanen ganye, cikin ɗan abin da ya tsira a gidanta. Na ce ta mayar, ita ce mai asara, kuma babu mai ɗaurawa. Ta ce, "Nata ne. Ka ce mata na gode."

To, na faɗa miki, Dije. Atamfar na cikin adakarki, ban bar kowa ya yanka ba. Na san da kina nan ba za ki daina jin tsoro ba, da ma kin yi masa faɗa kan komawar nan ta biyu. Amma na san kuma da kin ɗaura ta ranar kasuwa, kin bi rumfa rumfa a hankali don a tambaye ki inda kika samu.

Ki huta lafiya. Allah ya haɗa mu a inda babu rabuwa.

Ni ne mijinki,
Audu, uban Tanko, daga Tsiga.